Shekarun Erramun a Jikin Farin Itace

Ranar da ƙanƙara ta fara sakin gindin Tsaunin Toka, a shekarar 1907, Erramun Uhalde ya tarar da wani farin ƙyalle kafe da ƙusa a jikin itacen da ke bakin burtali. Turancinsa na baki ne, na sayen gishiri da tambayar hanya; a karatu kuwa lambobi kaɗai ya sani. Amma ya gane hoton mikiya a saman ƙyallen, ya kuma san duk abin da mikiya ta hau kansa na gwamnatin Amurka ne. Bai taɓa shi ba. Ya koma wajen tumakinsa ya jira Asabar, ranar da surukinsa Pello ke kawo masa gari da wake da gishiri a amalanke.

Pello wan matarsa ne. Shi ke da masaukin Baskawa, 'yan ƙabilarsu da suka ƙauro daga ƙetaren teku, a garin Tule, inda makiyaya ke ajiye akwatunansu. Da can shi ma makiyayi ne, kafin ciwon gwiwa ya sauke shi. Ya tsaya gaban ƙyallen, ya ɗora tabarau a karan hanci, ya yi ta motsa leɓe.

Erramun ya ce, "To, malam mai ilimi, haddacewa kake yi ko za ka gaya mini?"

"Yi haƙuri, Turancin gwamnati ne, ƙashi gare shi." Pello ya bi manyan baƙaƙen da yatsa. "Tsaunin ya zama gandun daji. Shugaban ƙasa ya sa hannu tun bara. Ba mai hawa da dabba sai da takardar izini. Ƙananan baƙaƙen nan na ƙasa kuwa sun fi ƙarfin tabarauna."

"Tun bara? Ni da na yi bazara a kansa bara, ba wanda ya ce mini uffan."

"Daga fadar shugaba zuwa nan ai tafiya ce, suruki."

"Na wa ya zama ke nan?"

"Na kowa, in ji su. Na jama'a."

"Ni ina cikin kowan?"

Pello ya cire tabarau ya goge a rigarsa. Shi mutum ne mai son shugaban ƙasar, har ya rataye hotonsa a ɗakin cin abinci na masauki. Makiyaya suna kiran hoton Mai Haƙora, saboda yadda yake dariya duka haƙoransa a waje.

"Mai Haƙora ba ya cin ƙaramin mutum," in ji Pello. "Wa ya taka wa kamfanonin jirgin ƙasa burki? Wa ya sa aka fara duba naman da ake cusa wa mutane a gwangwani? Wannan dokar don manyan ɓarayi aka yi ta, masu sare daji su kwashe katako su bar mana kututture. Kai dai nemi takardarka."

Erramun ya juya yana kallon garkensa. Duk wanda ya yi kiwo a jihar Nebada ya san yadda shekara ke zagayawa: da hunturu tumaki na hamada, suna cin ƙananan itatuwa suna lasar ƙanƙara a madadin ruwa, da bazara hamadar ta zama tanda, dole a hau tsauni, inda ciyawa ke biyo bayan ƙanƙara tana narkewa. Garken da bai hau ba, ba zai ga kaka ba. Erramun ya zo ƙasar yana ɗan shekara ashirin da biyu, ya yi wa wasu kiwo ana biyansa da 'yan tumaki, yana haɗawa ɗaya bayan ɗaya. Yanzu yana da uwayen tumaki dubu ɗaya da ɗari takwas, da baƙaƙe goma sha takwas a cikinsu, ɗaya ga kowane ɗari, don in ya ga baƙaƙen sun cika ya san garke ya cika. Ƙasa kuwa ba shi da ko inda zai binne kare.

Bayan kwana huɗu malamin daji ya iso sansanin bisa jan doki. Sunansa Wendell Crouse, dogo, bai fi shekara talatin ba, da 'yar lambar tagulla a ƙirji da ƙaramin littafi a aljihu. Ya sauka nesa don kada ya firgita tumaki, ya jira karnuka suka gama sansana shi. Erramun ya lura da wannan.

Ya tono tukunyar ƙarfe daga cikin garwashi, ya fito da burodi mai zafi. Ya zana gicciye a kansa da bakin wuƙa, ya yanki na farko ya ba tsohuwar karyarsa, kamar yadda kowane makiyayin Bask ke yi, sannan ya miƙa wa baƙo. Crouse ya ci, ya sha kofi, ya yaba. Da suka gama, Erramun ya nuna wasu 'yan raguna biyu masu ƙiba da ya riga ya ɗaure a gefe. Ya sha jin labarin malaman daji na da, a tsaunukan yamma, waɗanda 'yan siyasa ke ba aikin don sun yi musu yaƙin zaɓe. 'Yan raguna biyu kan rufe musu ido har kaka.

Crouse ya kalli ragunan, kunnuwansa suka yi ja.

Ya ce, "Kwance su su koma wajen uwayensu, Mista Uhalde. An kori masu karɓa. Mu jarrabawa muka ci aka ɗauke mu."

Bai faɗa da fushi ba. Ya buɗe littafi ya yi bayani a hankali, yana maimaitawa in ya ga ba a gane ba. Tsaunin ya gaji, in ji shi, dabbobi sun yi masa yawa, za a rage. Waɗanda za a fara ba takarda su ne masu gida da gona a gindinsa. Bayansu sai waɗanda suka daɗe suna kiwo a kai.

"Kana da gona?"

"Ina da tumaki."

"Takardar zama ɗan ƙasa fa?"

"Ban samu zama a gari na nema ba."

"Shekara nawa kana hawa?"

"Goma sha huɗu."

Crouse ya ɗago kai. "In haka ne kana da hanya. Amma kamfanin Brandt, masu shanun nan na bakin rafi, sun rubuta cewa masu tumaki duk baƙin jiya ne, yau nan gobe can. Wa zai shaide ka? Surukinka dangi ne, ofis ba zai ɗauki maganarsa da nauyi ba."

Erramun ya ɗaga kai ya dubi tsaunin. Shekara goma sha huɗu a bisa, kuma in ban da karnuka da alfadari ba wanda ya gan shi. Can sai fuskarsa ta saki.

Ya ce, "Tsaunin zai shaida. In kana da kwana ɗaya, zan nuna maka."

Suka sa ranar Litinin. Pello ya zo tun da hantsi don ya riƙe garke, yana ƙorafin gwiwa tun kafin ya sauka daga amalanke. Tare da shi akwai Kattalin, matar Erramun, wadda ke dafa abinci a masaukin wanta. Ta kawo wankakkiyar riga da cuku. Da ta ga malamin daji na gyara sirdi can nesa, sai ta ja mijinta gefe tana ɓalla masa maɓallin wuya.

"Abin da ya tambaye ka kaɗai za ka amsa."

"Mutumin kirki ne, Kattalin. Ko rago bai karɓa ba."

"Shi ya sa nake tsoro. Shekara shida ina zuba wa mutanen nan kofi. Mai kirkinsu ma da littafi a aljihu."

"Ni kike wa gargaɗin surutu? Ke da kike cewa sai da ƙugiya ake ciro mini magana?"

"Randar da ta daɗe a rufe, in ta tsage ba ta tsayawa."

Pello ya leƙo daga bayan amalanke. "Ƙyale shi, ƙanwata. Wannan ko a gaban limamin coci, ranar aurenku, sai da na taka masa ƙafa ya ce e."

Suka hau, Erramun a gaba bisa alfadari, Crouse na biye. Hanyar ta bi rafi, ta ratsa duwatsu, ta shiga inuwa inda ƙanƙara ke kwance tukuna. A marmaro na farko Crouse ya ja linzami ya tambayi wanda ya jera duwatsun nan a bakin ruwa. Erramun ya ce shi ne. Da can laka ce tsamo-tsamo, ya haƙa ya gyara, ya fafe gungumen nan uku suka zama kwami don kada kofato ya ɓata idon ruwan. Crouse ya rubuta. Ya tambayi kwana nawa garke ke yi a makwanci ɗaya. Uku, in ji Erramun, in ya wuce haka ƙasa kan mutu. Crouse ya sake rubutawa, yana gyaɗa kai.

Erramun ya bi shi da kallo. Bai taɓa samun wanda ya kalli aikin nan ya san aiki ne ba. Pello ya sani, amma Pello ba'a yake yi. Kattalin ba ta taɓa hawa ba. Ga shi yau mutumin gwamnati, mai karatun itatuwa a makaranta, yana durƙusawa ya ɗebi ƙasa ya murza, ya ce, "Nan ta fi ta gefen masu shanu rai."

Rana na tsaka suka isa kurmin fararen itatuwa, sirara masu santsin jiki, waɗanda ganyensu ke rawa ko babu iska. A nan Erramun ke kafa sansanin tsakiyar bazara kowace shekara. Ya sauka, ya ja Crouse zuwa wani itace mai kauri a bakin kurmin. A jikin farin ɓawon, baƙi wuluk, an rubuta E. UHALDE 1893.

Makiyayan Bask duk suna yin haka. Mutum na zaune shi kaɗai wata uku, ga wuƙa, ga farin allo a tsaye. Sai dai akwai iyawa. Ba a nutsa wuƙa; siririn layi ake ja, kamar gashi, wanda ranar ma da ƙyar za a gan shi. Itacen ne ke ƙarasa rubutun. Yana girma tabon na buɗewa yana baƙi, har bayan shekaru ya fito sarai. Wanda ya yi gaggawa ya yanka da zurfi, nasa ya zama gyambo, ba mai iya karantawa.

Crouse ya sa yatsa a cikin tabon. Faɗinsa ya kai babban yatsa. Suka matsa ga na gaba, 1894, ya ɗan fi siranta. Suka bi su ɗaya bayan ɗaya. A na 1898 akwai sunan wani kare da dabbar daji ta kashe. A na 1901 akwai sunan Kattalin, da hoton coci mai ƙararrawa. Na 1906 kuwa siririn zare ne, bai gama baƙi ba. Goma sha huɗu cif, ba gibi.

"Wannan ba a yin ƙaryarsa," in ji Crouse. Yana murmushi kamar shi aka ba kyauta. Ya auna faɗin tabo uku da ɗan ma'auni, ya zana su a littafi, ya rubuta shafi guda cur. Sannan ya rufe littafin ya mayar aljihu. "Ya isa, Mista Uhalde. Da wannan zan tsaya maka a gaban kowa."

Suka zauna a gindin itace suka ci burodi da cuku. Erramun ya miƙa masa 'yar salkar giya, ya koya masa yadda ake tsiyayawa daga nesa ba tare da baki ya taɓa ba. Crouse ya jiƙa riga, suka yi dariya. Iska mai sanyi na saukowa daga ƙanƙara, ciyawa sabuwa ta rufe fili kore shar har bakin dutse.

Erramun ya ce, "Akwai abin da ba ka tambaya ba."

Ya nuna ƙasan shekarar 1893. Akwai wata 'yar alama a wurin, layi uku masu lanƙwasa, haɗe a gindi. Tana ƙarƙashin kusan kowace shekara.

Crouse ya kalli alamar, ya kawar da kai. "Ban tambaya ba," in ji shi. Ya miƙe yana kakkaɓe wando. "Mu kama hanya, kada rana ta juya mana."

Amma Erramun ya riga ya buɗe. "Wannan ciyawar da kake yabo, kana tsammanin da kanta ta zo? Da na fara hawa, sarƙaƙiya ce har ƙirji. Tunkiya ta shiga ta bar rabin gashinta."

"Mista Uhalde."

"Tsaya ka ji, wannan shi ne babban aikin."

Ya ba shi labari, Turancin na tuntuɓe amma yana tafiya. A ƙauyensu, can ƙasar Bask, kowace shekara maza kan fita da bakin wuta su ƙone ƙaya da busasshen ganye a jikin tsauni, wani dattijo na tsaye yana karanta iska. Bayan wata biyu tsiro ya fito, tumaki su yi ƙiba. Wanda bai ƙona rabonsa ba malalaci ne, ba a ba shi mata da daɗin rai. Ubansa ya koya masa tun bai kai tsawon sanda ba: daga sama ake sawa, wuta ta sauko a hankali, rafi ya tare ta. A wannan tsaunin kuma yakan ƙona ranar da zai sauka da kaka, in ya ga gajimaren ƙanƙarar farko ya taso. Alamar nan harshen wuta ce. Duk shekarar da ya ƙona sai ya sa ta. Sau biyu kaɗai ya rasa, don ruwa ya riga shi.

Ya faɗa ne kamar yadda manomi ke nuna rumbu.

Crouse na tsaye riƙe da linzami, bai hau ba. Ya daɗe yana kallon itacen ƙarshe, inda siraran layuka uku ke ƙarƙashin 1906.

"Bara ma?"

"Bara ma. A Oktoba. Ita ce ta ɗan ba ni wuya, iska ta juya ta tsallaka ƙirjin dutsen can, ta lashi ƙananan itatuwan gefen arewa. Amma bayan kwana biyu ƙanƙara ta sauko ta kashe ta."

"Zo mu gani."

Suka hau ƙirjin dutsen da ƙafa. Daga sama ana ganin gangaren arewa duka. Baƙi ne daga bisa har ƙasa, sanduna a tsaitsaye ba ganye, ruwan narkakkiyar ƙanƙara ya yanka kwari-kwari yana kwasar toka zuwa rafi. Erramun bai taɓa leƙa wannan gefen ba tun ranar, don ba kiwo a can. Ya fi yadda ya zata girma.

Crouse ya ce, "Tun ranar da na kama aiki akwai wasiƙa a teburina a kan wannan gangaren. Ofis na son sanin wanda ya sa wutar. Dubban itatuwa ne, ba su wuce ƙuguna ba, kuma shekara ashirin suka yi kafin su kai haka. Inuwarsu ke riƙe ƙanƙara. Ita ke ba garin Tule ruwa a watan Agusta."

"Tumaki ba sa cin su," in ji Erramun. Ba gardama yake yi ba. Iyakar abin da ya sani game da itatuwan ke nan.

Crouse ya ciro littafin.

"Ka ce ya isa. Ka rufe shi," in ji Erramun.

"Na rufe. Na kuma ce mu tafi."

"To mayar da shi. Daga ni sai kai sai alfadari."

Crouse ya taɓa lambar ƙirjinsa. "Na yi rantsuwa kafin a ba ni wannan. In na ɓoye naka yau, gobe Brandt zai zo da nasa, kuma nasa ya fi girma. Da wane baki zan hana shi?"

"Ka ci burodina."

"Na ci." Muryarsa ta yi ƙasa. "Zan rubuta shekara goma sha huɗun. Zan rubuta marmaro da kwami. Zan rubuta cewa kai da bakinka ka faɗa, ba ka san an hana ba. Amma wutar ma zan rubuta."

Ya rubuta a tsaye, iska na kaɗa shafin. Erramun na kallon fensirin. Bai san fensiri na ƙara haka ba.

Suka sauko. La'asar sakaliya suka iso sansani. Crouse ya ɗaga wa Kattalin hula, ya wuce bai tsaya shan kofi ba. Pello ya taho yana ɗingishi.

"Yaya, ya ga makarantar taka? Ya ba ka lambar yabo?"

Kattalin ta karɓi linzamin alfadarin, ta kalli fuskar mijinta.

"Me ka gaya masa?"

"Aikina na nuna masa."

Ta gyaɗa kai a hankali, ta ja alfadarin zuwa ruwa.

Wasiƙar ofis ta zo bayan mako uku. Wannan karon Pello bai ce akwai ƙashi ba, ya karanta tiryan-tiryan. Ba za a kai Erramun kotu ba, tunda lokacin wutar ba a kafa sanarwa ba tukuna, kuma malamin daji ya yi masa kyakkyawar shaida. Amma ofis ba zai ba wanda ya saba ƙona daji izinin shiga gandu ba, bana ko baɗi.

Pello ya buga tebur ya ce Mai Haƙora bai san da wannan ba, da ya sani da wani ya rasa aikinsa. Ya zauna ya rubuta wa shugaban ƙasa wasiƙa mai shafi uku, ya kai gidan waya da kansa.

Erramun ya gwada riƙe garken a ƙasa. Ya bi gindin tsauni daga wannan rafi zuwa wancan, ko'ina waya ce mai ƙaya da mutum bisa doki yana cewa a wuce. Yuni ya ƙare, Yuli ya shigo da zafi. Tumaki suka riƙa cusa kai ƙarƙashin cikin juna tun hantsi, ba sa ci. Nono ya ƙafe, 'ya'yan suka fara kwanciya ba sa tashi. Da yamma dukan garken kan juya fuska wajen tsauni, tsofaffin uwayen su kama hanyar burtali da kansu, sai ya tura karnuka su dawo da su. Karnukan ma sai ya faɗa sau biyu. A farkon Agusta ya duba baƙaƙen ya ga goma sha huɗu, kuma ya san ba ɓata suka yi ba.

Kamfanin Brandt ne ya sayi abin da ya rage. Suna da ƙasa a bakin rafi, don haka suna da takarda, kuma sun lura tumaki sun fi shanu jure wa bisa. Ranar da aka shafa wa garken jan fentin kamfani a kan shuɗin nasa, wakilinsu ya dafa kafaɗar Erramun.

"Muna neman makiyayi. An ce ba wanda ya san tsaunin nan kamarka. Mu ke da izini, kai ma'aikaci ne, ba ruwan ofis da kai. Ashana dai ta girki ce kawai."

Amsar shugaban ƙasa ta iso da kaka: ɗan kati ne bugun inji, ana godiya, an miƙa batun ga ofishin da ya dace. Pello ya soke shi a jikin hoton, ya ce ko ba komai an amsa.

Shekaru suka wuce. Mai Haƙora ya sauka, wasu suka hau. A watan Janairun 1919 jarida ta kawo labarin rasuwarsa. Pello ya yafa wa hoton baƙin ƙyalle, ya tsaya a kan makiyayan da ke cin abincin rana ya yi musu jawabi. Ya ce su dubi rafin Tule: da can kafin Agusta ya ƙafe, yanzu yana gudu har kaka. Ya ce da ba don mutumin nan ba, da tsaunukan yamma duk sun zama kan mai sanƙo. Ya ce jikokin jikoki za su sha inuwar abin da ya tsare.

Wani makiyayi ya ce, "Jikokin wa? Mu da ko mata ba mu da su?"

Aka yi 'yar dariya. Pello ya juya ga surukinsa, wanda ke can ƙarshen tebur, gashi ya yi furfura.

"Kai ka fi kowa sani, Erramun. Ƙarya na yi a kan rafin?"

Kattalin ta tsaya da tukunyar kofi a hannu.

"Gaskiya ka faɗa," in ji Erramun. "Ruwan ya ƙaru."

Ya ci gaba da cin wakensa.

A Yuni ya hau, karo na goma sha biyu da garken kamfani. Gangaren arewa ya yi kore, ƙananan itatuwa sun kai gwiwa. Filin da ke gaban kurmin kuwa sarƙaƙiya ta dawo har ƙirji, tumaki na ratsawa suna barin gashi a ƙaya. Fararen itatuwan nan ba su da tsawon rai. Na 1893 ya faɗi cikin hunturu, yana kwance rubutun na kallon ƙasa. Na 1901 na tsaye, cocin ta buɗe ta zama baƙin tabo, sunan Kattalin dai ana karanta shi. Na 1906 ya fito sarai yanzu, da harshen wutarsa a ƙasa. Bayansa itatuwa ne farare tas, jere, ba komai a jikinsu.

Erramun ya zauna a kan wanda ya faɗi. Ya zaro wuƙar, ya buɗe ta, ya daɗe yana kallon itacen da ke gabansa. Sannan ya jawo burodi, ya zana gicciye, ya yanki na farko ya miƙa wa kare.